Hoton bayan ido da haɗarin shanyewar ɓarin jiki: wane gwaji za ka zaɓa a Katsina?

A duk jikin ɗan Adam wuri ɗaya ne likita zai kalli jijiyoyin jini ƙuru-ƙuru ba tare da ya tsaga fata ba, shi ne bayan ido. Can ciki akwai wata siririyar shimfiɗa da ake kira retina, kaurinta bai kai rabin milimita ba, ita ce ke karɓar haske. Jinin da ke ciyar da ita daga babbar jijiyar wuya yake tasowa, wato jijiyar da ke kai jini ga mafi yawan ƙwaƙwalwa. Ƙananan jijiyoyin retina da na cikin ƙwaƙwalwa girmansu kusan ɗaya, gininsu kusan ɗaya, kuma abin da ke cin wannan shi ke cin wancan: hawan jini, ciwon sukari, maiƙo a jini, sigari da tsufa. Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska. A wannan fanni labarin ƙwaƙwalwa ne ake tambayar ido.

Sai dai idan an ce "hoton ido", gwaje-gwaje ne daban-daban, kuma mutane kan biya kuɗin wani suna zaton wani suka yi. Tun farko a cire na shagon tabarau daga lissafi. Na'urar da ake ɗora haɓa a kanta, mutum ya hango ɗan gida ko balan-balan can nesa, ta fitar da guntuwar takarda mai lambobi, ƙarfin gilashin da ya dace da kai kawai take aunawa. Ana ce mata gwajin kwamfuta, amma ba ta ga jijiya ko ɗaya ba.

Abin da ake nema a bayan ido

A ido mai lafiya, jijiyoyin da ke kawo jini ja ne mai haske, faɗinsu kamar kashi biyu cikin uku na waɗanda ke mayar da jini, su kuma sun fi duhu. Hawan jini in ya daɗe, masu kawo jinin sai su tsuke, bangonsu ya yi kauri, su riƙa ƙyalli kamar wayar jan ƙarfe. A inda mai kauri ta haye kan mai mayar da jini sai ta danne ta, a ga ta ƙasan ta motse a daidai mahaɗar, kamar an taka tiyo da ƙafa. Wannan shi ne mataki na farko, kuma yana nuna cewa jinin ya shekara da shekaru yana sama, ko da mai shi bai taɓa jin ciwon kai ba.

A mataki na biyu bangon jijiyar ya fara gazawa. Ana ganin ɗigon jini, wani zagaye kamar tabon tawada, wani a baje kamar harshen wuta. Ana ganin fararen tabo masu kama da ɓarɓashin auduga, waɗanda ke nuna gurbin da jini ya daina isa. Ana ganin ƙananan kumburi a jikin jijiya kamar kan allura, da tabon maiƙo rawaya masu kaifin baki. Wani babban bincike a Amurka da ya bi mutum sama da 10,000, aka buga sakamakonsa a 2001, ya nuna masu irin waɗannan alamomi haɗarin shanyewar ɓarin jikinsu ya ninka na sauran sau biyu zuwa uku, ko bayan an yi la'akari da awon jininsu da sukarinsu. Tsukewa da dannewar mahaɗa su ma suna ƙara haɗarin, amma ba su kai haka ba. Mataki na uku shi ne kan jijiyar gani ya kumbura, iyakarsa ta ɓace. Wanda aka ga wannan a idonsa, jininsa kuma ya kai 180/120 ko ya wuce, a ranar za a kwantar da shi.

Akwai wata alama da ba ta cikin wannan jeri, kuma ta fi su nuna hanya kai tsaye. Ɗan ƙyalli ne rawaya, maƙale a inda jijiya ta rabu biyu. Ɓarɓashin kitse ne da ya ɓalle daga bangon jijiyar wuya, jini ya kwaso shi ya kawo ido. Likitan Amurka Robert Hollenhorst ne ya yi cikakken bayaninsa a 1961, shi ya sa ake kiransa da sunansa. Inda wannan ya fito akwai saura, kuma na gaba yana iya zarcewa ƙwaƙwalwa.

Fitilar hannu da dubawar likitan ido

Mafi sauƙin samu ita ce ƙaramar fitilar da likita ke riƙewa ya matso dab da fuskar mutum yana leƙawa. Tun 1851 aka ƙirƙiro ta a Jamus. Da batir take aiki, ba ruwanta da ɗauke wuta, tana kuma ƙara girman abin da ake kallo kamar sau 15. Raunin ta shi ne filin da take nunawa ɗan ƙanƙane ne, kamar mai leƙen ɗaki ta ramin makulli, sai an yi ta juyawa ana haɗa abin da aka gani a ka. Ba ta barin shaida, don haka baɗi ba abin da za a kwatanta da shi. Kuma tana son hannu da ya saba. A wani asibitin koyarwa a Amurka an bi marasa lafiya 350 da suka zo sashen gaggawa da ciwon kai ko matsalar gani ko jini mai tsananin hawa, aka tarar kashi 14 cikin ɗari kawai likitoci suka leƙa idonsu, alhali da aka ɗauki hoton dukansu, kashi 13 cikin ɗari suna da abin da ya kamata a gani.

Dubawar likitan ido bayan an ɗiga maganin buɗe ido wani abu ne daban. Yana zaunar da kai gaban na'ura mai tsagaggen haske, ya riƙe ɗan gilashi mai kauri a gaban idon, ya ga tudu da kwari, wato kumburin da hoto a shimfiɗe kan ɓoye. Sannan ya ɗaura wata fitila a goshi ya bi gefe-gefen retina. Wannan dubawa in ƙwararre ne ya yi ta, ta fi hoto faɗi. Abin da ta rasa ɗaya ne, ba za ka tafi gida da komai ba sai abin da ya rubuta a kati.

Hoton kala na bayan ido

Nan ne za mu daɗe, domin a ganinmu ga mafi yawan masu hawan jini da ciwon sukari wannan ne ya fi dacewa da kuɗinsu. Kyamara ce da ke ɗaukar fili mai faɗin digiri 45. Ƙa'ida a ɗauki biyu a kowane ido, ɗaya an saita kan jijiyar gani a tsakiya, ɗaya an saita cibiyar gani, wato gurbin retina da ake karatu da gane fuska da shi, huɗu ke nan. Idan hoto ɗaya-ɗaya aka ba ka, an bar wani yanki ba a gani ba.

Akwai kyamarar da ba ta buƙatar magani. Tana son ƙofar ido, wato baƙin ɗigon tsakiya, ta buɗe kamar milimita 4. Saboda haka a zauna a ɗaki mai duhu minti biyar kafin a fara. Mai ɗauka zai ce, "Baba, kalli koren ɗigon nan, buɗe ido sosai, kada ka ƙifta." Walƙiya ɗaya, an gama. Kuskuren da aka fi yi shi ne a juya ga ido na biyu nan take. Hasken da ya shiga na dama yana tsuke ƙofar na hagu ma, sai hoton na biyu ya fito da duhu a gefe. A dakata minti biyu zuwa uku. Ga dattawa da waɗanda sukari ya daɗe a jikinsu, ƙofar idon ba ta buɗewa da kyau ko a cikin duhu, kuma su ne suka fi buƙatar gwajin. Irin waɗannan kada a ɓata lokaci, a ɗiga magani.

Maganin da aka saba, wanda aka rubuta tropicamide a jikin kwalbarsa, ɗigo ɗaya ne na kashi 1 cikin ɗari. Yana ɗan yi zafi na daƙiƙoƙi, yana kama aiki cikin minti 20 zuwa 30. Idonmu mai duhun launi ya fi jinkirin buɗewa, don haka wani lokaci sai an ƙara ɗigo, ko a haɗa da phenylephrine na kashi 2.5. Shi wannan na biyun akwai mai ƙarfin kashi 10, wanda ke iya ɗaga jini, saboda haka mai hawan jini ko ciwon zuciya ya faɗa tun kafin a buɗe kwalba. Maganin kan gangara ta hanci a ji ɗacinsa a maƙogwaro. Rufe ido da danna kusurwarsa ta wajen hanci da yatsa na minti biyu yana rage wannan sosai, abin da masu azumi kan so su sani. Bayan an gama gani zai dushe awa 4 zuwa 6, karatu ba zai yiwu ba, kuma ranar Katsina da tsakar rana za ta soki idon kamar allura. A zo da baƙin tabarau, a zo da ɗan rakiya, kada a hau babur ko a tuƙa mota. Wanda ya taso daga Daura ko Dutsin-Ma da motarsa ya nemi mai mayar da shi. Can ba a rasa ba, maganin kan tayar da hawan jinin ido na farat ɗaya ga mai ƙuntataccen lungun ido. Alamarsa ciwo mai tsanani, jan ido, amai, da ganin bakan gizo kewaye da fitila cikin awannin da suka biyo baya. Wannan komawa asibiti ne a daren, kada a jira safiya.

Abubuwan da ke ɓata hoto a ƙasarmu sanannu ne. Na farko yanar ido: in ta yi kauri hoton kan fito kamar an ɗauka cikin hazo, ƙananan ɗigon jini su ɓace. Hakiya ma haka. Na biyu ƙurar hunturu. Ƙwayar ƙura a kan gilashin kyamara tana fitowa kamar ɗigon jini ko farin tabo, har a rubuta wa mai lafiya cuta. Gane ta ba wuya: in tabo ya fito a gurbi ɗaya a hoton idon dama da na hagu, ko a hoton mutum biyu a jere, a kyamara yake. Na uku, bayan idon baƙar fata ya fi na Bature duhu, in ba a ƙara ƙarfin walƙiya ba hoton kan yi baƙi. Na huɗu kuma wajen aikawa ne. Hoton da aka tura ta WhatsApp yadda aka saba, manhajar tana matse shi, kumburin nan masu kama da kan allura su narke. A tura shi a matsayin fayil, kada kuma a ɗauki hoton fuskar kwamfuta da waya a ce an tura.

Hoton da bai fito ba, sunansa bai fito ba. Kada a yarda a rubuta "lafiya lau" a kan hoton da ko manyan jijiyoyi ba a bambancewa.

Akwai ƙanin wannan gwaji, wato kyamarar hannu, ko wayar salula da ɗan gilashin likitan ido mai lamba 20. Ana kunna bidiyo da fitilar wayar, a riƙe gilashin kamar santimita 5 daga idon da aka riga aka buɗe da magani, a ja wayar baya har bayan ido ya cika gilashin, daga baya a tsamo hoton da ya fi kyau daga bidiyon. Ga aikin fita ƙauyuka, a Mashi ko Baure ko Mai'aduwa, inda kyamarar tebur ba za ta je ba, wannan babban taimako ne. Yana kama zubar jini, fararen tabo da kumburin jijiyar gani. Ba a dogara da shi wajen auna faɗin jijiya, domin nisan hannu yana canzawa daga hoto zuwa hoto.

Manyan na'urori: OCT, hoton rini da mai faɗi

OCT na'ura ce da ke yanka retina da haske, ta nuna ta hawa-hawa kamar an yanka albasa a tsaye, tana bambance abin da bai wuce maikiron 5 ba, wato kashi biyar cikin dubu na milimita. Ba allura, ba taɓa ido, daƙiƙoƙi kaɗan ne. Asalin aikinta bin diddigin hawan jinin ido da kumburin cibiyar gani na masu sukari. Game da shanyewar jiki tana da amfani a wuri biyu. Tana nuna ƙananan gurabun da hawan cikin retina ya lotsa saboda jini ya taɓa yankewa a can, tabon da hoton kala ba ya gani. Sannan idan jijiyar ido ta toshe yanzu-yanzu, hawan ciki kan yi fari ya kumbura a OCT tun hoton kala bai nuna komai ba. Akwai sabon samfurinta da ke maimaita ɗauka a wuri ɗaya, ta gane inda ƙwayoyin jini ke motsi, ta zana taswirar mafi ƙanƙantar jijiyoyi a fili mai milimita 3 ko 6 ba tare da rini ba. Hoton yana da ban sha'awa, amma mai rawar ido ko mai yawan ƙiftawa sai ya fito da layuka, lambobin na'urar wani kamfani ba sa daidai da na wani, kuma babu wata lamba da likitoci suka amince cewa daga nan haɗari ya fara. Wanda ba abin da ke damun ganinsa, ya tashi takanas zuwa Kano ko Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna don wannan kaɗai, ba mu ga ribar tafiyar ba.

Hoton rini kuwa, ana zuba mililita 5 na wani rini a jijiyar hannu, cikin daƙiƙa 10 zuwa 15 ya bayyana a ido, a yi ta ɗauka har kusan minti goma. Shi ne ke nuna inda jini ke yoyo da inda bai isa ba, kuma in rinin ya yi jinkirin isowa ido ɗaya, ana zargin jijiyar wuyan wannan ɓangaren ta tsuke ƙwarai. Yana sa tashin zuciya ga wasu, fata ta yi rawaya na wasu awanni, fitsari ya rine kwana ɗaya zuwa biyu. Jefi-jefi jikin wani yakan ƙi shi har numfashi ya sarƙe, don haka ba a yin sa sai inda akwai kayan ceto, kuma ana kauce masa ga mai juna biyu. Gwaji ne da likitan ido ke nema bayan ya ga wani abu. Ba a fara bincike da shi.

Kyamara mai faɗi tana ɗaukar har digiri 200 a walƙiya ɗaya. Amfaninta ga masu sikila ne da masu sukari, da yake ɓarnar sikila a gefe-gefen retina take farawa, inda digiri 45 ba ya kaiwa. Inda babu ita, fitilar goshi bayan ɗiga magani ta wadatar.

Batun ƙirƙirarriyar basira

A 2018 masu bincike na Google suka koya wa kwamfuta da hotunan mutum sama da 280,000, ta riƙa cankar shekarun mutum, jinsinsa, ko yana shan sigari, da awon jininsa daga hoton ido kaɗai. A farkon 2025 wani bincike a kan mutum sama da 45,000 a Birtaniya ya ware alamomi 29 a siffar jijiyoyin retina, kamar yawansu da lanƙwasarsu da yadda suke rassa, ya nuna cewa in an haɗa su da shekaru da jinsi, hasashensu ya yi kusan daidai da na tsohuwar hanyar awon jini da gwajin maiƙo. Ci gaba ne na gaske. Amma a lura da abu biyu. Cankar jinin da kwamfutar Google ta yi kan kauce da kimanin maki 11, alhali na'urar ɗaurawa a dantse tana ba ka lambar kanta cikin minti ɗaya. Sannan mafi yawan mutanen binciken Birtaniya Turawa ne, masu hasken bayan ido, waɗanda irin shanyewar jikin da ke kama su ma ta ɗan bambanta da tamu. Manhajar gano ɓarnar sukari a ido ta yi nisa, har Amurka ta ba ɗaya izinin aiki ita kaɗai tun 2018. Ta hasashen shanyewar jiki ba ta kai nan ba. In an ba ka takarda mai cewa haɗarinka kaza cikin ɗari, kada a fara magani ko a daina saboda ita.

Abin da ido ba ya gani

Binciken SIREN da aka yi a asibitocin Najeriya da Gana, har da na Kano da Zariya, aka buga a 2018, ya ɗora kusan tara cikin goma na shanyewar ɓarin jiki a kan hawan jini. Don haka wanda kuɗinsa na abu ɗaya ne tak, na'urar awon jini ta dantse ta riga kowane hoto. A zauna minti biyar, baya a jingine, ƙafa a ƙasa, dantse daidai da ƙirji, ba magana. A auna sau biyu da safe kafin shan magani, sau biyu da yamma, kwana bakwai. A zubar da na ranar farko a ɗauki matsakaicin sauran. In ya kai 135/85 a gida, jini ya hau. Maɗaurin da ya yi wa dantse kaɗan yana ƙara lamba, mai ƙiba ya nemi babba. Hoton ido yana shigowa ne ya faɗi abin da awon yau ba zai faɗa ba, wato ɓarnar da shekarun baya suka riga suka yi. Yana kuma da wani amfani da ba a cika faɗa ba. Magidancin da ke ajiye ƙwayarsa duk ran da ya ji garau, in aka nuna masa ɗigon jini a hoton idonsa, yakan ɗauki maganar da nauyin da bai ɗauke ta da shi ba a da.

Binciken SIREN ɗin ya kuma nuna kusan ɗaya cikin uku na shanyewar jiki a nan fashewar jijiya ce, ba toshewa ba. Saboda haka kada wanda aka ce an ga alama a idonsa ya wuce kemis ya sayi asfirin ya fara sha. Ga mai jinin da ba a shawo kansa ba, asfirin na iya ƙara haɗarin zubar jini a kai.

Akwai hanyoyin da shanyewar jiki ke zuwa ido yana tas. Zuciyar da ke bugawa ba bisa tsari ba tana tara gudan jini ta harba shi ƙwaƙwalwa. Wannan da taɓa bugun hannu na cikakken minti ɗaya da gwajin ECG, wato awon bugun zuciya da na'ura, ake kama shi. Matashin da zazzaɓin gaɓoɓi na ƙuruciya ya lalata masa ƙofofin zuciya, hoton zuciya yake buƙata. Tsukewar jijiyar wuya kuma da na'urar sauti ake ganin ta, irin ta duba ciki, minti 20 zuwa 30 ba allura. Ita ce gwajin da ke biyo bayan ganin ɗan ƙyallin nan rawaya, domin wanda jijiyarsa ta tsuke da kashi 70 cikin ɗari ko fiye, kuma ta riga ta ba da alama, aikin buɗe ta ya fi amfani in an yi cikin mako biyu.

Yaro mai sikila nau'in SS lissafinsa daban ne. In ba a bincike, kusan ɗaya cikin goma kan gamu da shanyewar jiki kafin shekara 20, kuma hoton ido ba ya hango wannan. Abin da ke hangowa shi ne awon gudun jini a jijiyoyin kai da na'urar sauti da ake ɗorawa a gefen goshi, sau ɗaya a shekara daga shekara 2 zuwa 16. Gudun santimita 200 a daƙiƙa ko fiye haɗari ne babba, 170 zuwa 199 a maimaita ba da jimawa ba. Binciken da aka yi a asibitocin Kano ya nuna maganin hydroxyurea yana rage haɗarin ga irin waɗannan yara inda ƙarin jini duk wata ba zai yiwu ba. Duba idonsu yana da nasa dalilin, kare gani, ana farawa wajen shekara 10, musamman masu nau'in SC.

To, wa zai yi wanne? Mai hawan jini da ya haura 40 kuma bai taɓa duba bayan ido ba, hoton kala huɗu ko dubawar likitan ido da magani, sau ɗaya don a san inda aka tsaya, likita ya sa lokacin dawowa gwargwadon abin da aka gani. Wanda aka gano yana da sukari irin na manya, a duba shi tun a lokacin, domin cutar kan yi shekaru kafin a gano ta, sannan duk shekara. Mai sukari da ta samu ciki, a watannin farko. Mai juna biyu da ta fara ganin walƙiya ko dishi-dishi tare da ciwon kai da kumburin ƙafa, ɗakin haihuwa za ta nufa a auna jininta da fitsarinta, ba asibitin ido ba. Wanda yanar ido ta rufe masa gani, hoto ba zai fito ba, a dogara da awon jini, sukari da ECG har a yi masa aiki.

Ranar da ba a jiran layi

Duk bayanin da ya gabata na mai lafiya ne da ke son sanin matsayinsa. Idan ido ɗaya ya rufe farat ɗaya ba ciwo, kamar an sauke labule daga sama, lissafi ya canza. Ko da ganin ya dawo bayan minti biyar ko goma, gudan jini ne ya tsaya ya wuce, kuma haɗarin na gaba ya fi yawa a kwanakin farko. In bai dawo ba, mai yiwuwa babbar jijiyar jinin retina ce ta toshe, kuma tun 2021 ƙungiyar likitocin zuciya ta Amurka ta bayyana ƙarara cewa a ɗauke shi a matsayin shanyewar jiki, a yi masa gaggawar da ake yi mata. Retina ba ta jure rashin jini fiye da 'yan awanni. A rufe ido ɗaya da tafin hannu, sannan ɗayan, don a tabbatar wanne ne. Idan rabin gani ne ya tafi a ido biyun, duk abin da ke hagu ko duk abin da ke dama, matsalar a bayan ƙwaƙwalwa take, kuma hoton ido zai fito lafiya lau ya yaudari kowa. Dattijon da ya haura 50 yana fama da ciwo a gefen kai da gajiyar muƙamuƙi wajen tauna ya faɗa wa likita, domin akwai kumburin jijiya da ke iya cinye ido na biyu cikin kwanaki in ba a fara magani ba.

Ga waɗannan, da wanda bakinsa ya karkace, ko hannunsa ya saki, ko maganarsa ta harɗe, sashen gaggawa na babban asibiti za a nufa, irin Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina. A riƙe lokacin da aka yi masa ganin ƙarshe yana lafiya, domin allurar narkar da gudan jini, inda ake da ita, cikin awa huɗu da rabi ake yin ta, kuma sai hoton ƙwaƙwalwa na CT ya tabbatar ba fashewa ba ce. Kada a ɗura masa ruwa ko kunu ko magani, haɗiya kan lalace abin ya faɗa huhu. A kwantar da shi a gefe, a yi ta addu'a mota na tafiya.

Wanda kuma ya je gwajin sa na lafiya, kafin ya bar wurin ya tabbatar an tura masa hotunan huɗu a waya da kwanan wata, takardar ta faɗi ko hoton ya fito sarai, ta faɗi matakin da aka gani a kowane ido, da sunan wanda ya karanta. A auna jininsa a ranar a rubuta a jikinta. Takardar nan ta likitan da ke ba shi maganin hawan jini ko sukari ce, shi zai ƙara ƙwaya ko ya canza ta, ya tura a duba ƙoda da zuciya, don haka a kai masa ita cikin makon.